Ranar da Aka Sauko da Inna Daga Bene

A gidanmu mu huɗu ne muke da tabo a gefen dama na mara: Baba, Allah ya jiƙansa, da ƙanensa, da ni, da ƙanena mai bi mini. Dukkanmu an yanke mana afendis, wannan ɗan wutsiyar hanjin da in ya kumbura ba shi da magani sai wuƙar likita. Baba aka fara yi wa, tun kafin a haife ni. Ni ina aji uku a makarantar kwana aka kwaso ni ina amai, ƙanena kuwa bai yi wata guda da fara hidimar ƙasa ba nasa ya tashi. Da ma tun muna yara magana ta zauna daram cewa ciwon gado ne, kuma daga wajen Baba ya fito.

Inna ce ta zaunar da maganar. Ita da Baba taubasai ne, mahaifiyarta da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito, aka yi musu auren zumunci, kuma auren bai hana su wasan da suka taso suna yi ba. In Baba ya zauna cin abinci sai ta tsaya a kansa ta ce, “Ku dai gidanku ba a tauna abinci, haɗiya kawai kamar ana koro ku. Shinkafa da tsakuwarta, gwaiba da ’ya’yanta, ina za su in ba su taru a lungu ɗaya ba?”

Shi kuma ya ce, “Kakanmu dai ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.”

“Ni ta wajen mata na biyo,” in ji ta. “Ciwon nan bai san hanyar ɗakin mata ba.”

Da aka yi mini nawa, Baba ya ɗauka ya samu bakin magana. Inna ta dube ni a kan gadon asibiti, ta dube shi, ta ce, “Wannan ai kai ta kwaso, dubi goshinta.” Ita ta yi jinyar ukunmu, Baba da ni da ƙanena, ta san alamun ciwon fiye da yadda ta san hanyar kasuwa, amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa zai iya taɓa ta ba.

Shekarar da na haifi ’yata ta uku muna zaune a unguwar Garki ta Abuja, a ɗaya daga cikin tsofaffin benayen nan na ma’aikatan gwamnati. Hawa na uku muke, matattakalar kuwa ƙunci gare ta, in biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Tiyata aka yi aka ciro yarinyar, likita ya hana ni doguwar tafiya, saboda haka maimakon in je gida wankan jego, sai Inna ta zo mini. Lokacin Baba ya shekara huɗu da rasuwa, ita kuma ta haura sittin, amma da ƙarfinta. Kullum da safe ta ɗora ƙatuwar tukunya a kan gas, ta zuba ganyen darbejiyar da ta sa aka yanko mata a bayan gida, tana mitar cewa ruwan da bai ji hayaƙin itace ba ba ya shiga ƙashi.

Matsala ɗaya ce a zaman, ita ce maigidana. Ba faɗa suke ba, da ma faɗa ne da ya fi mini sauƙi. Kunya ce. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, Inna ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, shi kuma bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarta ba. A can gida abin ba ya wahala, akwai zaure, akwai tsakar gida, kowa da inda zai ɓuya. A nan kuwa ɗaki biyu ne da falo, banɗaki ɗaya a ƙarshen ɗan lungu. Kafin ya fito daga ɗaki sai ya yi gyaran murya sau biyu, ita kuma ta suri mayafi ta shige ɗakin yara. Da safe ya cire takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana fuskantar taga. Duk abin da ya wuce gaisuwa ta bakina yake bi. Tana iya cewa, “Ki ce wa maigidan nan gas ya kusa ƙarewa,” alhali yana zaune taku huɗu daga inda take. Shi ma ya ce, “Ki ce wa Inna an ji.” Ni ce wayar da ke tsakaninsu, ga ɗinki a ciki, ga jaririya a hannu. Wani lokacin abin ya ba ni dariya, wani lokacin in ji kamar in haɗa kansu in gwara.

Ranar wata Asabar Inna ta daina cin abinci. Ban damu ba, don ƙarshen mako maigidan yana gida wuni guda, kuma da ma a irin ranakun ba ta cin kirki. Na kai mata tuwo har ɗaki, na dawo na tarar ta rufe shi yadda na kawo. Na ce, “Inna, wai sai yunwa ta kashe ki saboda mutumin da ko kallonki ba ya iya yi? Na rufe ƙofa, ki ci.” Ta ce cikinta ne ya ɗan ɗaure a wajen cibiya, waken jiya ne. Ta jiƙa kanwa ta sha.

Ranar Lahadi Bafulatanar da ke kawo mana fura da nono ta hau har sama. Ƙawar Inna ce, sukan zauna a baranda su yi ta hirar shanu da tsadar gero kamar tare suka tashi. Ranar Inna ta karɓi furar ta ajiye, ko damawa ba ta yi ba. Da yamma na gan ta ta fito daga banɗaki a ɗan duƙe, tana jan ƙafar dama a hankali, hannunta a kan ƙugu. Na san wannan tafiyar. Ni kaina na yi ta daga ɗakin kwanan ɗalibai zuwa ofishin shugabar makaranta. Amma sai zuciyata ta ce tsufa ne da ɗaukar tukunya, na kuma yi mata faɗan cewa ta bari a riƙa rage ruwan. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina. Maganar da ta shekara talatin tana faɗa cikin wasa, ashe ni ma na haɗiye ta ba tare da na tauna ba: ciwon na dangin Baba ne, Inna ba ta ciki.

Litinin da safe, bayan motar makaranta ta kwashi manyan yaran, ta ce mini da fara’arta, “Kin ga ikon Allah, ciwon nan ya ɗauke cak. Kanwa ba ta ƙarya.” Ta shiga kicin ta ɗora ruwan wankana. Ba a yi awa guda ba na ji faɗuwar murfin tukunya. Na same ta zaune a ƙasa ta jingina da bango, fuskarta ta yi fari, jikinta zafi rau, gumi na tsattsafo mata a goshi.

Ƙofarmu tana kallon ta wata mata ’yar Filato, nas ce da ta yi ritaya, muna ce mata Maman ’Yan Biyu. Ranar Kirsimeti ita ke cika mana firji da shinkafa da kaza, ranar Sallah mu rama. Na buga mata ƙofa ta fito da zanin barci. Ta durƙusa da ƙyar, don gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, ta ɗora hannu a cikin Inna. Taɓawar kawai ta yi, Inna ta cije leɓe ta riƙe mata hannu.

“Mama, tun yaushe ya fara?”

“Shekaranjiya. Amma ai ɗazu ya tafi.”

“Wannan tafiya da ya yi shi ne ba na so,” in ji ta. Ta juyo gare ni da Hausarta ta Abuja, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. “Madam, kai ma an yi maka wannan aiki, ba ka gane ba? Ciki ya yi tauri kamar katako. Ina jin abin ya fashe. Ka kira oga ya kawo mota yanzu yanzu.”

Inna ta girgiza kai. “Ba ciwonmu ba ne wannan, ’yar nan. Na gidan babansu ne.”

“Mama, ciwo ba ya tambaya gidan waye. Tashi mu tafi.”

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi. Muka kama ta mu biyu, ta yi wani nishi da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba, muka mayar da ita ƙasa. A nan ne muka dubi juna, don kowa ya tuna da matattakala. Ni kwanana goma sha biyu da tiyata, an hana ni ɗaukar abin da ya fi jaririyata nauyi. Maman ’Yan Biyu da kanta sai ta huta sau biyu kafin ta kai ƙasa. Mazan benen duk sun fita aiki. Namiji ɗaya ya rage a ginin, maigidana, yana tsaye a lungu cikin kayan ofis, makullin mota a hannu, ya juya wa ƙofar kicin baya don kada ya ga surukarsa ba mayafi.

Inna ma ta gane. Ta ce, “Kira mini ƙanenki.”

Ƙanena a Nyanya yake zaune. Duk wanda ya taɓa shigowa gari daga Nyanya ranar Litinin da safe ya san abin da wannan ke nufi. Na kira shi, ya ce yana cikin mota tun ɗazu, ko gadar Nyanya ba su wuce ba, gosulo ya tsaya cik, masu tallan biredi ma sun fi su sauri. Ya ce zai sauka ya taka da ƙafa har inda hanya ta buɗe, amma ko ya yi gudu sai ya ci awa biyu. Maman ’Yan Biyu ta ce ba mu da awa biyun.

Daga lungu maigidana ya yi gyaran murya. “Ki ce wa Inna ta yi haƙuri ta bari in sauko da ita.”

Na maimaita, ko da yake ta ji.

“Ki ce masa Allah ya yi masa albarka. Zan jira ɗana.”

Nan raina ya ɓaci. Na manta da uwata nake magana, na ɗaga murya, na ce wace irin kunya ce wannan da za ta kai mutum kabari, na ce addini ma ya ce shi muharraminta ne, na ce in ta mutu a kicin ɗina me zan gaya wa mutanen gida. Ina faɗa ina kuka, jaririya ma ta farka ta kama nata. Inna ta rufe ido kawai. Na san halinta, in aka yi mata tsawa sai ta ƙara ƙanƙamewa. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga da gaske take, za ta zauna a ƙasan nan har abin da zai faru ya faru.

Sai na ji motsi a bayana. Maigidana ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa, ya shigo kicin ɗin da safa, ya tsuguna nesa kaɗan da ita, kansa a ƙasa. Bai ce in ce mata komai ba. Da ita ya yi magana, karo na farko, in ban da gaisuwa, tun da aka ɗaura mana aure.

“Inna, ni tawa uwar ta rasu ina da shekara tara. Ko ƙullin kayanta ban isa ɗauka ba ta tafi. Don Allah kada ki hana ni wannan.”

Kicin ɗin ya yi tsit, sai tafasar ruwan da ba wanda ya tuna ya kashe. Can Inna ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, “Miƙo mini mayafina.”

Na kawo mata. Ta lulluɓe kanta da fuskarta gaba ɗaya, ko hancinta ba a gani. Daga cikin mayafin ta ce, “Bismillah.”

Ya sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗaga ta. Maigidana ba ƙaƙƙarfa ba ne, mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kujerar ofis, amma ranar ya riƙe ta gam. Ya riƙa sauka a karkace, taka ɗaya bayan ɗaya, bayansa na gogar bango don kanta ya samu fili. A kowace kwana sai ya tsaya ya daidaita numfashi ya ce, “Sannu Inna.” Ita kuma daga cikin mayafi ta ce, “Yauwa.” Ni ina biye da su ina dafa bango, Maman ’Yan Biyu na tsaye a sama da jaririya a kafaɗa tana ta kiran sunan Yesu. Sai da muka isa asibiti na lura da safa ya tuƙo motar.

Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, ba za ta wuce sa’ar ƙanena ba. Tana dubawa tana tambaya, har ta zo kan ko akwai wanda aka taɓa yi wa irin wannan aikin a dangi.

“A dangin mijina dai,” in ji Inna, da ’yar muryar da ta rage mata.

Na ce, “Likita, kakansu ɗaya da mijin nata.”

Likitar ta yi murmushi. Ta ce ana ganin yana yawan faɗawa ’yan gida ɗaya, wanda aka yi wa iyayensa ko ’yan’uwansa ya ɗan fi kusa da shi, amma ba ɓangaren uba ko na uwa ya sani ba, kuma wanda ba a taɓa yi a gidansu ba shi ma yana iya kamuwa. Ta ce a jikin tsofaffi ya fi ɓoye kansa, shi ya sa ake yawan kawo su a makare. Sannan ta daina murmushin ta ce a shirya ɗakin tiyata.

Ƙanena ya iso an riga an shiga da ita, rigarsa sharkaf da gumi. Muka zauna a kan benci mu uku. Da likitar ta fito ta ce ya fashe kamar yadda maƙwabciyarmu ta zata, sai da suka wanke cikin sosai, kuma da mun ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Ƙanena ya dubi ƙafafun maigidana, ya cire silifas ɗinsa ya tura masa, shi ya zauna ba takalmi.

Kwana biyu Inna ba ta san inda kanta yake ba, ga robar hanci, ga ƙarin ruwa. A rana ta uku ta buɗe ido sosai, likitar na tsaye a kanta. Tambayar farko da ta yi ita ce, “’Yar nan, tsakuwa nawa kuka samu?”

“Ko ɗaya, Mama.”

Sai Inna ta juyo gare ni ta ce, “To kada wanda ya gaya wa dangin babanku.” Ba ta san ƙanen Baba ya riga ya bugo waya sau uku ba, yana cewa a gaishe masa da sabuwar ’yar gida, a ce mata sun daɗe suna ajiye mata wuri.

Na ɗauka bayan wannan abubuwa za su canza tsakaninta da maigidana. Ko kaɗan. Ranar da aka sallame ta, da ƙafarta ta hau benen, tana hutawa a kowace kwana, shi kuma yana can ƙasa yana ta goge gilashin motar da ba ta da datti har sai da ta shige. Gyaran murya ya dawo, rufe kwano ya dawo, “ki ce masa” da “ki ce mata” suka dawo. Ni da aka zo yi wa jego na koma mai jinya, muna tafiya a duƙe mu biyu, kowa na riƙe da nata ɗinkin, Maman ’Yan Biyu na shigowa safe da yamma tana yi mana faɗa.

Ana gobe za ta koma gida, tana zaune a bakin gado tana ninke zannuwanta, ƙofa a buɗe, maigidana na falo yana duba takardu. Sai ta ɗaga murya yadda takan yi in saƙon ba nawa ba ne.

“Ki ce wa maigidan nan, ranar da tawa ta zo, a jira shi. Shi zai shiga kabarin ya karɓe ni. Na ga riƙonsa, ba ya buga kan mutum da bango.”

Na ce, “Haba Inna, wace irin magana ce wannan ana zaune lafiya?”

“Ke dai ki faɗa masa.”

Ban faɗa ba, don na kasa. Ƙarar takardu ta tsaya a falo. An jima ya ce, “Ki ce wa Inna na ji.”

Ta ƙara shekara shida a duniya. Ta ga yarinyar da ta zo wa jego ta shiga firamare, ta sake zuwa Abuja sau uku, kuma har ta bar duniya maigidana bai ga loma ta shiga bakinta ba. Ciwon da ya ɗauke ta wani ne daban, na kwana biyu, a ɗakinta a can gida. Da hantsi ƙanena ya bugo mana, don shi ya riga mu tafiya. Mutanenmu ba sa ajiye gawa, dattawa suka ce a yi sallah bayan azahar. Ƙanena ya tsaya a gabansu ya ce ta bar wasiyya, kuma mai wasiyyar yana hanya. Aka yi ta ’yan maganganu, amma aka jira.

Ana kiran la’asar muka isa. Maigidana bai ko shiga cikin gida ba, ya yi alwala a ƙofar zaure ya bi sahu. Ni ina ciki tare da mata, ban ga komai ba. Sai gab da magariba na fito na same shi zaune a ƙasa a zaure shi kaɗai, jar ƙasa a gwiwoyin wandonsa da hannayen rigarsa. Na tsaya a kansa.

Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Na sauke ta lafiya.” Sannan ya ce in ba shi ruwa ya wanke hannu.